Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi: Masu Haɗa Bidiyo a Nakkasa

A da, shaidar zuwa Makka sai alhaji ya dawo ake ganinta: haƙorin zinariya, jarkar zamzam, dabino da carbi. Yanzu shaida ba ta jiran jirgi. Kafin mutum ya kwance harami, mutanen garinsu sun gan shi a waya yana ɗaga hannu sama. Wannan ya buɗe wa samarin Takari sana'a. A Nakkasa, unguwar nan mai hawa da gangara da ke kudu da Harami, inda Hausawa suka daɗe suna maƙwabtaka da mutanen ƙasar Bama, da Masfala da Shara Mansur, haɗa bidiyo ya shiga layin sayar da tsire da tura keken gajiyayyu. Rusau ya ci tsofaffin lunguna da dama, amma mai wannan aiki shagonsa na aljihunsa. Abin da ya raba kansu shi ne manhaja, kuma kowa ya rantse tasa ce ta gaskiya.

Na farko shi ne ɗan CapCut, manhajar kamfanin ByteDance na Sin, masu TikTok. Shi ba ya haɗa bidiyo, zubi yake yi. Akwai shiryayyen tsari da ya samu tun Umarar watan azumi, sai dai ya cire alhajin Gusau ya saka na Maraɗi. Duk wanda ya biyo ta hannunsa sai ya shigo da walƙiya, ya yi tafiyar hawainiya, tattabarun Harami su tashi a bayansa. Ayarin mutum arba'in za su koma ƙauye ɗaya da bidiyo iri ɗaya, har da wanda ciwon ƙafa ya hana shi fita daga masauki. Idan ka yi ƙorafi, ya ce, "Mafi mushkila, Baba Alhaji," ya sauya launin walƙiyar.

Na biyu tsohon hannu ne, mai KineMaster ta Koriya ta Kudu. Tun kafin a san CapCut yake sana'ar, kuma har yau bai taɓa biyan kuɗin cire tambarin da ke maƙale a saman kusurwar bidiyo ba. Wani lokaci ya rufe shi da hoton dabino, wani lokaci da tutar Najeriya. Ranar da ya manta, wani dattijo ya tambaye shi mene ne wannan rubutun Turanci a kan hularsa, sai ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, hatimi ne. Bidiyon da ba shi da shi ba ya shiga ƙasa."

Sai ustazun Adobe. Wannan ya haddace tarihi: Premiere ta fito a 1991, After Effects a 1993, kuma tun 2013 kamfanin ya daina sayarwa sai haya, wata-wata. Abin da bai cika faɗa ba shi ne tasa fasassa ce, wani ɗan Pakistan ya zuba masa a kan riyal kaɗan. Kullum ba ya haɗa kwamfutarsa da intanet, wai don gudun shagala, alhali tsoro yake kada manhajar ta gane kanta ta rufe. Zai yi maka wa'azin awa guda a kan haramcin sa kiɗa a bidiyon Hajji. Ka tambaye shi hukuncin aiki da manhajar da ba a biya ba, sai ya duba agogo ya ce malamai sun yi saɓani, kuma an kusa kiran La'asar.

Ɗan DaVinci Resolve ya fi kowa natsuwa, domin tasa halal ce tsantsa. Kamfanin Blackmagic na Ostireliya yana ba da ita kyauta, babbarta kuma dala 295 ce biya ɗaya, wato riyal dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai. Matsalar ita ce manhajar tana son kwamfuta mai ƙarfi, shi kuwa tasa a kasuwar gwanjo ya tsince ta. Ga zafin Makka, wanda a Hajjin 2024 ya haura digiri 51 a Harami. Don haka za ka same shi ya ɗora kwamfuta a kan robar ƙanƙara, fanka biyu na kaɗa mata, shi yana zufa. Gyaran launi ne gwanintarsa. Mako guda zai yi yana daidaita farin harami da hasken fitilun Mina. Kowace safiya amsarsa ɗaya ce: "Bukura in sha Allahu." Ranar da aikin ya fito, alhaji ya riga ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, an yi walima, har an fara bin sa bashi.

Akwai mai rubutu mai motsi, wanda ke aiki da Alight Motion a waya, yana mafarkin Blender. A wajensa babu sunan da ya isa ya tsaya cak. Dole sunan alhaji ya faɗo daga sama, ya kewaye dogon benen agogo mai tsawon mita 601, ya tarwatse ya zama taurari, sannan ya haɗu da saƙon godiya ga shugaban ƙaramar hukuma. Abokan gabarsa biyu ne. Haruffan Larabci, idan manhajar ba a saita ta ba, sai su fito a rarrabe kuma daga hagu. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa yawancin salon rubutun ado ba su san da su ba, sai alhajin Ƙanƙara ya ga garinsu ya fito da akwati a farko, akwati a tsakiya. Yaron ya ce ado ne.

Kada a manta da babban mai ba da shawara, wanda ke zaune wajen mai shayi. Bai taɓa yanka ko daƙiƙa ɗaya ba, amma ya san Final Cut sai a na'urorin Apple take aiki, ya san tun 2022 hukuma ta ce mai talla a kafafen sadarwa sai da lasisin Mawthooq na riyal 15,000, ya san askarawan Harami ba sa wasa da mai kafa kyamara a wajen ɗawafi. Duk manhajar da ka ambata, akwai wadda ta fi ta. Wayarsa kuwa fuskar a fashe take, kuma ta cika, sai ya goge hoto kafin ya ɗauki wani.

Ita kuwa hajiya mai abaya da turare ba ta san sunan manhajarta ba. "Ɗan nan, taɓa min jar nan," take ce wa jikanta, tana nufin InShot. Ta yanke kai, ta yanke gindi, ta rubuta farashi da naira da sefa, ta tura WhatsApp. An gaya mata ana yayin 4K, ta ce ai WhatsApp matse shi zai yi, kuma mai saye a Zinder da ragowar data yake kallo. Kafin ustazu ya gama kunna kwamfuta, ta sayar da dila biyu, ta biya kuɗin awon kaya.

Dukkansu kuwa a hannun mutum ɗaya suke, wato alhaji mai aikin. Shi bai damu da Sin ko Koriya ba. Buƙatunsa uku ne: a rage masa tumbi, a cire wurin da ya zauna da kajin Albaik, a kuma tsawaita inda yake kuka a Arfa. Idan an gama duk wannan, sai ya kalla sau biyu, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya yi albarka, yaro. To amma ba ka da wata manhajar da za ta saka hajiya a gefena? Tana Funtuwa, kuma ta ce idan ba ta fito ba kada in dawo."