'Yar Gatan Birnin Gotham

Yabon gwani ya zama dole, kuma a fagen karrama mace babu gwanaye irin mazan da suka riƙa shirya mujallun zane na Batman a Amurka. Mai shakka ya duba gatan da suka yi wa Kathy Kane, wadda aka fi sani da Batwoman.

Tun daga dalilin zuwanta duniya za ka san 'yar gata ce. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa mujallun zane suna lalata tarbiyyar yara. Ya ce zaman Batman da yaronsa Robin a gida ɗaya, babu mace, akwai lauje cikin naɗi. Maganar mujallun ta kai har Majalisar Dattawa, hankalin masu bugawa ya tashi. A 1956, a fitowa ta 233 ta mujallar Detective Comics, sai ga Kathy a Gotham, birnin Batman, a kan babur da jar alkyabba, Edmond Hamilton ya rubuta ta, Sheldon Moldoff ya zana ta. Sauran jarumai ana ƙirƙirarsu ne don su ceci gari kawai. Ita kuwa an ɗora mata abin da ya fi haka girma, wato ta wanke maigida daga bakin mutane.

Sannan ga kayan yaƙi. Batman, bawan Allah, yana fama da ɗamara mai nauyi, cike da igiya da ƙwayoyin hayaƙi da makamin jifa. Ita an hutar da ƙugunta, an ba ta jakar hannu. Buɗe jakar ka sha kallo. Ga hoda, wadda idan ta busa wa ɗan fashi sai ya kama atishawa har ya yar da bindiga. Ga kwalbar turare mai barkonon tsohuwa a ciki. Ga madubi na kashe wa mugu ido. Ga ragar ɗaure gashi da ke buɗewa ta rufe ƙato. Awarwaron hannunta ma ankwa ne. Dubi wannan hangen nesa! Mazan sun yi tunani mai zurfi, suka gano cewa mace ba za ta gane yadda ake riƙe makami ba sai an sa shi a gwangwanin kwalliya. Ga kuma riba biyu: tana gama kama ɓarawo sai ta gyara fuska, kada ta koma gaban Batman a hargitse.

Kishin lafiyarta kuwa ba a magana. A labarin farko ta yi kuskuren ceton Batman, ta kuma riga shi isa wurin masu laifi. Shi kuma, don tsabar tausayi, sai ya bar ɓarayin gari ya bi sawunta har maɓoyarta, ya gano ko ita wace ce, ya lallashe ta ta ajiye aiki, domin harkar tana da hatsari. Gaskiyarsa. Kathy babbar mace ce, ta yi shekaru tana wasan lilo a sama da wasan babur a gaban 'yan kallo, ga dukiyar gado, ta yaya za a bar ta a gaban harsashi? Wannan aiki ya fi dacewa da Robin, wanda shi ma daga gidan wasan lilo ya fito, amma ya fi ta da abu biyu: namiji ne, kuma ƙaramin yaro ne.

Da ta ƙi jin magana ta dawo, ba su yi fushi ba. Sai suka cika mata zuciya da buri mafi tsarki, na auren Batman, shi kuma yana zillewa kamar mai gudun bashi. A 1961 suka ƙara mata 'yar ɗan'uwa, Betty Kane, mai suna Bat-Girl, don shi ma Robin ya sami mai binsa da soyayya. Adalci ke nan, kowa da shaidarsa.

A 1964 ciniki ya ja baya, aka kawo sabon edita, Julius Schwartz, ya yi shara. Nan ma ba a wulaƙanta ta da sallama ita kaɗai ba. An haɗa ta da 'yar rakiya, wato Betty, da ɗan aljanin nan Bat-Mite, da kuma Ace, karen Batman. A ƙurya ɗaya aka jibge su, babu nuna bambanci tsakanin mutum da dabba. Masu baƙin ciki za su ce an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Ƙarya ne, ba a manta da ita ba. A 1979 an tuna da ita, aka kashe ta a cikin labari don Batman ya sami abin yin fushi.

Gidan da ya san darajar mata ba ya sauya hali. Magajiyarta, Barbara Gordon, ta fito a bangon mujallar a 1968, maza na dambe da 'yan fashi, ita kuwa ta tsaya duba wandonta da ya tsage. A 1988 aka sa Joker, abokin gaban Batman, ya harbe ta ta gurgunce, don a gwada ƙarfin zuciyar mahaifinta. Allah ya biya mazan nan daidai da aikinsu, kada ya rage musu ko ƙwayar zarra.