Baya na ciwo, lamba na kan hanya

Idan baya ya riƙe, ko ƙafa ta daina jin magana bayan shanyewar ɓarin jiki, kada ka zaci katin inshora zai miƙa ka ga masu gashin ƙashi kai tsaye. Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, ta kafa hukumar NHIA a gurbin NHIS, amma ta manta ta wajabta saurin ɗaga waya.

Sai asibitin da ka yi rajista ya rubuta takardar tura ka gaba, sannan kamfanin HMO mai kula da inshorarka ya turo lambar amincewa. Kafin lambar ta iso ka hau bene, ka sauko, ka zaga ofis-ofis da sanda. Rabin motsa jikin da likita zai ɗora maka ka riga ka yi shi, kuma kyauta. Maɗorin unguwa kuwa bai taɓa tambayar kati ba, shi ya sa zaurensa ba ya rabo da jama'a.

Malam, ko asibitin Dala za ka ko na Shika, fara tambaya: ana karɓar katina? Gashi nawa ya ɗauke? Kashi 10 na kuɗin magani dai daga aljihunka zai fito.