Bazazzagi Ya Ci Ɗaya Cikin Shida

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Yaya sanyin Amurka, yaya iyali? Labarinka ya iso Kano, kuma ba baƙo ne ya kawo shi ba, uwargidanka ce ta fesa wa tawa a waya, suna yi suna shewa. An ce 'yarmu ta shiga ajin adabin Ingilishi na zaƙaƙuran ɗalibai, wanda ake kira AP, kai kuma ka gyara zaman hula ka ce ta kwantar da hankalinta, ai ubanta daga birnin ilimi ya fito.

Bari in gaya wa jama'a ramin da ka faɗa, tunda kunya ba za ta bar ka ba. Ajin a sakandare yake, yawanci a shekarar ƙarshe, amma karatun na 'yan jami'a ne. Wata hukuma mai suna College Board ke shirya jarrabawarsa duk watan Mayu, awa uku cur. Awa ɗaya ta tambayoyin canki-canka guda 55, awa biyu kuma a rubuta insha'i uku: ɗaya kan waƙar da aka ajiye wa yaro a gabansa, ɗaya kan guntun labari, na uku a jefo masa maudu'i ya zaɓo littafi daga ƙwaƙwalwarsa ya kafa hujja da shi. Kowanne kamar minti 40. Kai da minti 40 ba ya isarka gaisuwa a waya.

Rigimar ta fara tun dogon hutu, da malamarsu ta ba su littattafan da za su karanta kafin a koma. Ka leƙa ka ga yarinya da alƙaluma kala-kala tana ja wa layuka ƙarƙashi, tana cika gefen shafi da rubutu, ka daka mata tsawa wai tana ɓata littafi. Ta ce Baba ai aikin ke nan, a kansa za a ba da maki. Ka yi tsuru-tsuru, kai da ka gama sakandare littattafanka naɗe cikin jarida, fes da su, don ba a cika buɗe su ba.

Da aka zo kan Hamlet ka ce ciwon kai kake yi. Da aka zo kan Frankenstein na Mary Shelley ka ce ai sunan dodon ke nan, yarinya ta ce a'a, sunan wanda ya ƙera dodon ne. Ka lallaɓa ka tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Sai ranar da ta shigo da Things Fall Apart na Chinua Achebe. Nan fa bakinka ya buɗe. Ka ce wannan namu ne, na gida, a ba ka wuri. Ka manta littafin a ƙasar Ibo yake, kai kuma iyakar kudunka Abuja, ita ma don neman biza. Aka ba su aikin gida, ka ce za ka rubuta naka ta ga yadda manya ke yi. Ka zauna har tsakar dare da shayi, ka cika shafi huɗu: Okonkwo, jarumin littafin, ya kayar da Amalinze a kokawa, ya sa hannu a kisan Ikemefuna, ya yi shekara bakwai yana gudun hijira a Mbanta, ya dawo ya tarar da Turawa, ya rataye kansa. Duka daidai ne, ban hana ka ba. Har ka ƙara da cewa an buga littafin a 1958, ka ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ita kuwa 'yar albarka ta ɗauko takardar ma'aunin maki da malama ta raba musu, ta zaunar da kai. Maki shida ne. Ɗaya na wanda ya faɗi matsayarsa a kan littafin, matsayar da wani zai iya musantawa shi kuma ya kare. Huɗu na kawo hujja daga cikin littafin da bayyana yadda hujjar ta tsaya wa matsayar. Ɗaya na zurfin tunani, wanda ba kowa ke samu ba. Ta duba matsaya, babu. Ta duba zurfi, ta yi shiru don girman uba. Ta ba ka ɗaya, na wanda ya maimaita labari kamar mai ba makwabci labarin fim ɗin da bai gani ba.

Abin da aka tambaya, bawana, shi ne me ya sa Achebe, bayan ya riƙe mu cikin mutanen Okonkwo tun shafin farko, ya rufe littafin da tunanin Baturen mulki, wanda ke tafe yana lissafin cewa rayuwar Okonkwo duka ba za ta wuce sakin layi ɗaya ba a littafin da zai rubuta. Yarinya ta ce Achebe ya yi haka ne don mai karatu ya ji a jikinsa yadda ake ƙanƙance mutum idan baƙo ne ke ba da tarihinsa. Ta haɗa da Heart of Darkness na Joseph Conrad, da laccar da Achebe ya yi a Jami'ar Massachusetts a 1975 inda ya tuhumi Conrad da wariyar launin fata. Ni ɗan kasuwa ne, amma na san haja mai kyau in na gani. Wannan kan na wajen uwa ne, kuma kowa ya san uwar Bakanuwa ce.

An ce ka ɗaukaka ƙara wurin uwargida, ita ma ta karanta ta ce ɗayan ma alfarma aka yi maka.

Yanzu ga umarnina. Ka biya kuɗin jarrabawa, kusan dala 100, ba tare da ƙunƙuni ba, don idan ta ci 4 ko 5 cikin 5 jami'o'i da yawa za su yafe mata wani kwas, kuɗinka ya huta. Ka kai ta makaranta ranar, ka tsaya a mota, kada ka ba ta shawara ko ɗaya a hanya. Sakamako na fitowa a watan Yuli, kuma ni za a fara kira, ba kai ba. Shafukan nan naka huɗu kuwa ka aiko mini su tare da kuɗin sharar da nake bin ka, akwai mai ƙosai a bakin layinmu da ke neman takarda.