Mu Ma Muna Kan Jinga

Mu 'yan bakin kogin Haɗeja da neman abinci ya kawo Legas, ba sai an gaya mana damina ta yi nisa ba. Leƙo majalisarmu a Agege bayan isha'i a watan Satumba, za ka tarar kowa da waya a kunne, tambayar kuma ɗaya ce: "Yaya, ruwa ya kai ina?" Sunan gari muke son ji. In aka ce ya ci Ringim, sai mutumin Auyo ya miƙe tsaye, domin ruwan daga Kano yake gangarowa, daga madatsun Tiga da Challawa, gari bayan gari, kowa ya san wanda ke gabansa a layi.

Muna da wata ɗabi'a. In ka kira Inna ta ce "Lafiya lau muke, kai dai ka yi mana addu'a," to sai ka kira maƙwabci. Iyayenmu ba sa son tayar da hankalin ɗan da ke nesa, ko da ruwa na cikin ɗaki. In kuwa labari maras daɗi ya iso, ba a faɗarsa a tsakiyar majalisa. Dattijo ne zai ja mutum gefe, sannan mu bi shi da jaje: "Allah ya mayar da alheri."

A 2022 muka sha wuya. Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma har Guri, shinkafa ta nutse a gona, gidajen ƙasa suka zube, iyalai suka koma azuzuwan firamare, inda mota ke bi aka koma kwalekwale. A Haɗeja samari suka riƙa kwana kan jinga suna cika buhu da ƙasa don kada ruwa ya ɓalle cikin gari. Mu ma nan ba mu runtsa ba. Mai shayi, mai gadi, mai sayar da tumatir, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ba a shelar nawa wane ya ba da. Kuɗin farko na buhu ne. Garin kwaki, tabarma da gidan sauro su biyo baya.

Sai dai dattawanmu kullum suna jan kunnenmu, kuma gaskiyarsu ce. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike cikin kogi, shi ya sa ruwa ke neman hanya ta gonaki da gidaje. Da rani ake sare kacala, da rani ake ɗaga jinga. Tun ran gini, ran zane. Saboda haka karo-karonmu kada ya tsaya don ruwa ya janye. Mu ci gaba da tarawa, mu kuma matsa wa waɗanda muka zaɓa a yashe kogin kafin saukar ruwan fari.