Yadda Ake Yi wa Ɗakin Kwana Farar Ƙasa Ba Tare da An Ɓata da Uwargida Ba

Maigida, idan Sallah ta ƙarato, ka ɗaga kai ka ga bangon ɗakin kwana ya sha hayaƙin maganin sauro da sawun hannun yara, kada ka yi saurin zuwa shagon fenti. Farar ƙasa tana nan, ga araha, kuma ta fi fenti sanin halin bangonmu. Sharaɗinta ɗaya ne, ba ta shiri da mai gaggawa.

Fara da neman izini. Ɗakin naka ne, amma kwanukan da ke jere, da labule, da zanin gado, duk da mai su. Ka ce, "Uwargida, ina so in yi wa ɗakin nan shafe ranar Asabar." Za ta ce, "Kai da kanka, Malam?" Ka ce e, ka daure. Daga nan a kwashe komai zuwa tsakar gida. Abin da ya ƙi fita, kamar gadon da kafinta ya harhaɗa a cikin ɗakin, a jawo shi tsakiya a rufe da leda. Kada ka rufe da zaninta, ko da ita ta ce tsoho ne. Ranar da ɗigo ya taɓa shi, ranar za ka ji wanda ya saya mata shi da bikin da ta fara ɗaura shi.

A kasuwa ka san abin da kake nema. Akwai farar ƙasar da ake haƙowa a jiƙa a shafa. Tana da haske, amma tana bin riga. Wadda nake yi maka kwaɗayi ita ce ta dutse, irin dutsen da ya sa aka kafa masana'antun siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar. Ana ƙona shi a wuta mai zafin kusan digiri 900 har iskar da ke cikinsa ta fice, ya bar farin dunƙule mai tsananin ƙishirwa. Da ya sha ruwa sai ya ɗau zafi, ya tafasa, ya narke. In an shafa shi a bango kuma, sai ya dinga zuƙo waccan iskar da ya rasa, wadda mu muke fitarwa da numfashi, a hankali har ya koma dutse. Ashe siririn dutse kake shimfiɗa wa ɗakinka. Shi ya sa ba ya toshe bango: danshin damina yana samun hanyar fita, ginin ƙasa ba ya ruɓewa daga ciki, kuma kaifinsa ba ya barin fumfuna ta zauna. Wani maƙwabci zai ba ka shawarar ka ɗebo farin dagwalon da masu walda da gas ke zubarwa, tun da kyauta ne. Gaskiya ne danginta ne, yana kuma yin fari, amma warinsa na katangar waje ne. Ka gode masa, ka wuce.

Jiƙo na gaba. Nemi ganga ko bokitin ƙarfe mai kauri, ka zuba ruwa tukuna, sannan ka riƙa sa farar ƙasar kaɗan-kaɗan kana juyawa da doguwar sanda. Kada ka kuskura ka taɓa tukunyar alminiyum ɗin uwargida: farar ƙasa tana cin alminiyum, wanda ya ci tukunya kuwa ya ci tuwon darensa. A waje za ka yi wannan aiki, ka kori yara da awaki, ka sa tabarau da safar hannu ta roba. A nan ba na wasa. Idan ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, sannan a tafi asibiti, ba a jira a ga yadda gari zai waye. Ka rufe gangar ka bar ta ta kwana biyu ko uku. In ta yi mako, ya fi. Wadda aka riga aka kashe mata zafi, mai zuwa a buhu kamar gari, ita ma ta kwana a ruwa.

Kafin nan ka koma ga bango. Kankare duk abin da ya tashi, cike ramin ƙusa, share ƙura da yanar gizo-gizo. In an taɓa yi masa fentin mai, mai sheƙi, to sai an kankare shi tas, domin farar ƙasa bango mai shan ruwa take kamawa, yaɓen ƙasa ko filastar siminti.

Yanzu ga inda mazaje ke faɗuwa. Zuciyarka za ta ce ka dama ta da kauri don a gama sau ɗaya a huta. Kada ka saurare ta. Kaurin da ake so na madarar shanu ne, ba na kunu ba. Ka tace ta da tsohuwar rariya, ka yayyafa wa bango ruwa ya yi sanyi, ka ɗauki faffaɗan burushi ka fara daga sama, kana gicciya hannu, kana juya bokitin lokaci-lokaci don kada ta kwanta. Bango ɗaya a ja shi har kusurwa ba tsayawa, ko da an kira ka a waya.

Da ka gama za ka ja da baya ka duba, gabanka ya faɗi. Babu fari. Bango ya yi toka-toka, duk tsohon tabo yana kallonka. Daidai wannan lokaci Gwaggo take shigowa gaisuwa, ta leƙa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan nan, ruwa ka shafa ko kuwa idona ne?" Ka ce, "Gwaggo, ki dawo gobe." Haka halinta yake, sai ta bushe farinta ke fitowa. Wanda ya tsorata ya ƙara kauri a wannan gaɓa, shi ne wanda bangonsa ke tsattsagewa yana zuba a kan filo. Ka bar ta ta kwana, washegari ka sake yayyafi ka yi na biyu, jibi na uku. Yawanci uku sun isa.

Lokaci ma abin lura ne. Iskar hunturu tana busar da ita kafin ta kama, sai ta zama gari, duk baƙon da ya jingina ya fita da taswirar bangonka a bayan babbar rigarsa. In dole a hunturu za ka yi, ka rufe taga, ka yi aikin da sassafe ko da yamma, ka ƙara yawan yayyafi. Fanka kuwa a kashe ta.

Masu shafe na da ƴan dabarunsu. Wasu na jefa ɗan gishiri, wasu na narka ƙaro su zuba don ta riƙe. Ɗan bula na wanki yana ƙara mata haske, amma a fara da kaɗan, kada ɗakin kwana ya koma marina. Mai son launi ya sa jar ƙasa da aka tace, ya gwada a bayan ƙofa ya jira ta bushe, domin launin da ka gani a bokiti ya fi wanda zai zauna a bango duhu nesa ba kusa ba.

Bayan kwana biyu da shafin ƙarshe, goga bayan hannunka a bango. In ya fito da ɗan fari kaɗan, ba laifi, zai ragu. Sai a mayar da kaya, ka bar wa uwargida jere, kada ka sa baki a inda madubi zai tsaya. Ragowar da ke ganga kada ka zubar: ka ƙara ruwa ya rufe ta, ka sa murfi, ba ta lalacewa muddin iska ba ta taɓa ta ba. Akurkin kaji da bangon kewaye suna jiranta. Gawayin da ke madafa kuma a ɗaga shi sama, inda hannun Auta ba ya kaiwa.