Gadon Jariri Daga Ƙasa Ake Sayensa

Ni ina cikin 'yan tsirarun da suka yarda cewa a durƙushe ake cinikin gadon jariri, ko da yaran kafinta za su ɗauka canjinka ne ya faɗi su zo taya ka nema. Abin da muka saba shi ne a duba fenti, a shafa labulen leshi, a tambaya ko launin zai shiga da na kujerun ɗaki, don 'yan barka su ce tubarkalla. Ba mai ɗaga katifa ya ga abin da ke riƙe da ita. Sau da yawa wani siririn allo ne na garin katako da aka matse, wanda kafintoci ke kira MDF, an ɗora shi a kan ƙusoshi huɗu da fatan alheri. Shi MDF ba ya ga-maciji da ruwa, mai gadon kuwa ba shi da sana'ar da ta wuce samar da ruwan, dare da rana, ba hutun Juma'a. Fitsari ya bi gefen leda ya sauka, allo ya sha ya kumbura, tsakiya ta lotsa, sai a wayi gari ƙaramin maigida yana kwance a kwari kamar tuwo a akushi.

A nan dariyar ke tsayawa. Ɗan wata biyu ba ya iya kawar da fuskarsa idan ta nutse a wuri mai laushi, ko ya gangara ya maƙale tsakanin katifa da jikin gado. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta dage a kan shimfiɗa mai tauri, marar tudu ko kwari, ba filo, a kuma kwantar da yaro rigingine. Bayan gangamin da aka fara kan kwanciyar rigingine a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi a ƙasar. Dokar ƙasar ta ce tazarar sandunan gado kada ta wuce santimita 6, wato gwangwanin lemo bai kamata ya ratsa ba, shawarar da ake bayarwa kuma ita ce idan fiye da yatsu biyu suka shiga tsakanin katifa da katako, katifar ta yi ƙanƙanta. Tun 2011 aka haramta sayar da gadon da gefensa ke zamewa ƙasa. Mai son gwanjo ya lura, don abin da aka kora daga can ba ya rasa jirgin zuwa nan.

Na san abin da Hajiya Kaka za ta ce: "Goma na raina a tabarma, wanne ne ya lalace?" Ba zan yi musu da ita ba, don hujjar tawa ce ta ɗauko. Tabarma a daɓe ba ta lotsawa, ba ta da ramin da kai zai shiga, ba ta da ƙusar da za ta zare. Mu ne muka ɗaga yaro sama don gayu, sai nauyin riƙe shi ya hau kanmu. Masu cewa katifa mai tauri mugunta ce kuwa da ƙugunsu na 'yan shekara arba'in suke auna ta, jariri bai taɓa kai ƙarar ciwon baya ba.

Sauran hujjar ta kafinta ce: "Wallahi Alhaji, ko kai ka hau zai ɗauke ka." Kada ka hau. In ya karye kai za ka biya, in bai karye ba an ga magidanci da babbar riga a gadon jariri, kuma ba abin da hakan ya tabbatar, don kai sau ɗaya za ka hau, yaro kuwa in ya fara tsayuwa tsalle zai riƙa yi a kai kullum safiya. Ka ce masa a sa sandunan busasshen katako a jere kusa-kusa, ko filawud mai kauri, ko ragar ƙarfe, a ɗaure kusurwa huɗun da noti, a huda matakai biyu ko uku don a sauke katifar idan yaro ya fara zama, a kai ta can ƙasa kafin ya miƙe. Notin kuma yana kwancewa da jijjiga, sai a riƙa bi ana ƙara ɗaure shi, a duba ko gara ta kama. Zai ce kuɗin ya ƙaru, ka ce ya cire leshin.