Tseren Keken Dutse: Wahalar Da Ake Saya Da Tsada

Tseren keken dutse wasa ne da mutum yake barin kwalta sumul, ya ɗauki kekensa ya nufi inda tudu da duwatsu da saiwoyin itatuwa suka fi yawa, don a ga wa ya fi wani jure wuya. Masu yinsa kashi biyu ne: ƙwararru da ake biya, da 'yan sha'awa waɗanda su ke biya. Kashi na biyu sun fi yawa, sun fi surutu, kuma da kuɗinsu harkar take tsaye.

Wasan ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, lokacin da wasu samari, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa tattaro tsofaffin kekunan Schwinn suna gangarowa da su daga tsaunukan yankin. A 1976 suka fara tseren Repack, a wata gangara da kan ƙone giris ɗin birki har sai an cusa sabo kafin a sake hawa. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da keken Stumpjumper kasuwa, a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a garin Durango, a 1996 kuma wasan ya shiga Olamfik a Atlanta. Abin da aka fara da kekunan bola, yau ana sayar da keke ɗaya nasa sama da dala dubu goma.

Kayan aiki su ne rukunin farko na wasan, domin ɗan sha'awa ya yi imani cewa saurin da ƙafarsa ta hana shi yana nan a kanti. Yakan kashe albashin wata don ya rage wa keke nauyin da bai kai na lemo ɗaya ba, alhali tumbin da zai ɗora a kan sirdin bai san an yi ragin ba. Akan raba dare ana musu kan taya mai inci 29 da mai 27.5, kuma yawancin masu musun tura keken suke yi idan aka zo hawa. Akwai kuma takalmin da ke maƙale wa feda. Amfaninsa ƙara ƙarfin tuƙi, al'adarsa kuwa kayar da sabon shiga a tsaye cak, a gaban jama'a, ba tare da dutse ko rami sun sa hannu ba. Manomin da ke hawa tudu da buhun masara a bayan tsohon keken Raleigh kullum yana yin rabin wannan wasa kyauta, illa dai ba shi da matsattsen wando da zai sa a kira shi ɗan wasa.

Kowace ƙungiya tana da muƙamai, ko da ba a rubuta su ba. Akwai shugaba, wanda yawanci shi ne mai motar da ke ɗaukar kekuna. Akwai masanin gyara, wanda ya ƙware a bidiyon YouTube, kuma duk keken da ya kwance sai ƙusa biyu sun yi saura. Akwai mai rigar ƙungiya da ba a taɓa ganin ta da ƙura ba, sai dai a hoto. Akwai kuma shiru-shiru mai tsohon keke, wanda ba a neman shawararsa, shi ne kuma yake riga kowa isa.

Atisaye a ƙa'ida hawa biyu ne: doguwar tafiya a hankali don gina numfashi, da gajeren gudu mai tsanani da hutu a tsakani don gina ƙarfi. A aikace, tafiyar da aka ce ta a hankali ce takan zama tsere da zarar mutum biyu sun jera, domin babu mai yarda a wuce shi. Tun da manhajar Strava ta fito a 2009 lamarin ya ƙara tsanani. Ita ce ke auna kowane tudu, ta ɗora wa wanda ya fi sauri kambi, har magidanci mai 'ya'ya huɗu ya kasa barci saboda wani da bai taɓa gani ba ya ƙwace masa sarautar da ba ta da talaka ko ɗaya. Wanda wayarsa ta mutu a hanya kuwa, a wurinsa ranar ta tafi a banza, ko da ya yi gumi har ya jiƙe. An san ba a fafe gora ranar tafiya, amma mafi yawan atisaye a makon tsere ake tuna shi.

Tseren ƙungiya iri-iri ne. Akwai na karɓa-karɓa na awa 24, inda ɗaya ke zagaye sauran suna tanti suna cin abinci da sunan tara ƙarfi. Akwai na bibbiyu irin Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004, ana kwana takwas ana yi, kuma doka ta hana abokan tafiya nisantar juna fiye da minti biyu. Wannan doka ta gwada abota fiye da bashi: mai ƙarfi yana gaba yana waiwaye yana cewa babu komai, mai rauni yana baya yana haki yana cewa saura kaɗan ya murmure, kuma kowannensu ya san ɗan'uwansa ƙarya yake yi.

Uzuri shi ne fannin da 'yan sha'awa suka fi ƙwararru nisa. Akan shirya shi tun kafin a busa usur: ba a yi barci ba, gwiwa na ciwo, an zo ne kawai a motsa jini. Bayan an gama sai a ƙaro na biyu: sarƙa ta zame, iskar taya ta yi yawa, wani ya tare hanya a gangara. Ƙafa ce kaɗai ba a taɓa kamawa da laifi ba. Wanda ya zo na ƙarshe yakan tuna wa jama'a cewa sannu ba ta hana zuwa, ya haɗiye ragowar karin maganar.

Rauni ma yana da daraja. Ƙujewar gwiwa akan ɗauke ta hoto kafin a wanke, karayar ƙashin kafaɗa kuwa tana ba mutum ikon ba da shawara har ƙarshen rayuwarsa.

Mataki na ƙarshe shi ne komawa gida, inda ake bayar da bahasi iri biyu. Ga abokai, tudun yakan ƙara tsawo duk lokacin da aka maimaita labarin. Ga uwargida kuwa, farashin keken ne yake raguwa, har ya sauko rabin abin da ke rubuce a rasit. Daga nan sai a wanke keke, a rantse an daina, a kuma biya kuɗin rajistar tsere na gaba kafin ciwon cinya ya saki.